Bangon da Usta Hamad Ya Kankare

Allon ƙofa ne ya haɗa ni da Usta Hamad. Ni sunana Habila, mutumin Kaltungo ne, shekara shida ke nan ina tuƙa ɗaya daga cikin jami'an ofishin jakadancinmu a Alƙahira. Matata Godiya tana dafa tuwo da miyar kuka tana sayar wa ɗaliban Najeriya a gidan da muke haya a Hayyin Ashir, sai ta matsa mini a yi mata ɗan allo don masu zuwa su daina ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Aka kwatanta mini wani usta, wato gwanin sana'a, mai rubutu ɗan Sudan da ke aiki a ƙarƙashin matakalar wani bene, bayan tashar ƙananan motoci.

Na same shi a durƙushe kan wani dogon farin ƙyalle, dogon mutum siriri mai furfura a gemu, da buroshi a hannu da wani maƙale a bayan kunne. Na fara yi masa bayani da gurgun Larabcina. Ya bar ni na sha wahala har na gama, sannan ya ɗago ya ce da Hausa, "Bawan Allah, kai daga wace ƙasar Hausa?"

Shi haifaffen Maiurno ne, a bakin kogi can cikin Sudan, inda kakanninsa suka yada zango fiye da shekara ɗari da suka wuce. Bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa ta fi tawa tsufa, sai dai yana yayyafa mata Larabcin Sudan irin su "ya zol" da "kwayis". Shekara ashirin da biyu ya yi a Omdurman yana rubuta allunan shaguna da jikin manyan motoci da bangon masallatai. Da yaƙi ya ɓarke, wani harsashi ya shigo ta taga ya fasa tulun ruwansu, washegari ya ɗauki matarsa Fatuma da 'yarsu Shahd suka hau motar arewa. Kwana tara suka yi kafin su iso Masar.

A nan ya tarar inji ya cinye sana'arsa, kowa bugawa yake yi a roba. Abin da ya rage wa mai hannu shi ne ƙyallayen ɗaurin aure da na ta'aziyya, da kuma na zaɓe in lokacinsa ya zo. Yana da katin 'yan gudun hijira, amma izinin zamansa, wanda suke kira iƙama, ya ƙare, kuma ranar da aka ba shi ta sabuntawa sai bayan wata biyar. Abin da ke hannunsa wata 'yar takarda ce mai ɗauke da ranar. A leda ya naɗe ta, kullum tana aljihun gaban jallabiyarsa, kuma na lura ko motar 'yan sanda ce ta wuce sai hannunsa ya kai wurin.

Shahd ta samu gurbi a wata firamaren gwamnati da ke bayan kasuwa, ba zan faɗi sunanta ba. In ka tsaya a titi ka leƙa ta ƙarfen ƙofar, abin da za ka fara gani shi ne dogon bangon filin taro. Tun kafin zuwan su Hamad akwai zane biyu a jikinsa. A dama ayar nan da ake roƙon Ubangiji ƙarin ilimi, a hagu kuma jinjirin wata ya rungumi gicciye, alamar da Misirawa ke yi don nuna Musulminsu da Kiristansu ƙasa ɗaya suke. Rana da ƙura sun cinye su duka, har ayar ta rasa wasu ɗigoginta. Duk safiyar da Hamad ya raka 'yarsa sai abin ya tsaya masa a rai. Wata rana ya kasa haƙuri ya shiga wurin shugabar makarantar, Abla Amani, ya ce ta ba shi izini ya gyara, shi zai kawo fentinsa.

Asabar uku ya yi yana aikin. Ya sake ayar da kore mai duhu, da irin rubutun da in ka gani sai ka rage sauri. Da ya zo kan gicciyen sai ya tsaya, don bai taɓa zana shi ba. Ya nemi malamar lissafi, Mis Damyana, wadda Bakibɗiya ce, wato Kiristar Masar, ta zana masa irin nasu a takarda, mai reshe uku a kowane baki, ya bi shi daidai. A can ƙasa, a kusurwa, ya sa hannu da ƙananan baƙaƙe kamar yadda ya saba a Omdurman: Hamad na Maiurno. Shekara guda bangon yana nan, babu wanda ya ce uffan.

Sai zaɓen majalisa ya zo. A mazaɓarmu 'yan takara sun fi goma, amma biyu ne ake jin amonsu. Akwai Dakta Munzir, likitan yara mai ɗakin duba marasa lafiya a Madinat Nasr, alamarsa agogo. Akwai Alhaji Abdulbasit mai shagunan kayan gini, alamarsa jirgin ruwa. Dukansu Hamad ya rubuta musu ƙyallaye, ya ce shi buroshinsa ba ya jefa ƙuri'a.

Wata Laraba da yamma ina wanke mota Godiya ta miƙo mini wayarta. Dakta Munzir ne tsaye a bakin ƙofar makarantar, bangon yana bayansa. Ba ihu yake yi ba, a hankali yake magana kamar yana yi wa uwa bayanin magani. Ya ce makarantar gwamnati ta kowa ce, kuma in ya shiga majalisa zai nemi a hana duk wata alamar addini a bangonta, aya ko gicciye. Ya ce yaro ɗan shekara shida yana shigowa bai san bambanci ba, bango ne ke fara nuna masa wannan gefen naku ne, wancan nasu. Ya ce addini yana da masallaci da coci da gida, a bar wa makaranta taswira da lissafi. Mai ɗaukar hoton ya matso da wayarsa ya bi bangon daga dama zuwa hagu, ya sauka har kusurwa. Sunan Hamad ya fito ɓaro-ɓaro.

Kafin Juma'a magana ta cika unguwa. Alhaji Abdulbasit ya tara mutane a rumfa ya ce duk hannun da ya taɓa ayar nan sai ya bi ta kansa, kuma shi in ya ci, kowace makaranta sai an rubuta aya a ƙofarta da baƙaƙen da makaho ma zai shafa ya ji. A shagon shayi, a cikin mota, a layin burodi, maganar ke nan. Mu baƙi muka ja bakinmu muka yi shiru, don an sha ja mana kunne a ofis cewa siyasar ƙasar mutane ba tamu ba ce.

Ina zaune a wurin Hamad ranar da Husam ya zo. Shi ne mai haɗa wa Alhaji Abdulbasit taro, matashi mai ƙamshin turare da waya biyu. Ya gaishe shi da ladabi, ya yaba rubutunsa, sannan ya ce abu kaɗan suke so. Hamad ya tsaya gaban bangon na minti ɗaya ya ce shi ya rubuta ayar da hannunsa, kuma zuciyarsa tana ciwo da za a goge ta.

Hamad ya ce, "Ya ustaz, ni baƙo ne. Baƙo ba ya shiga tsakanin masu gida."

"Baƙo kuma Musulmi," in ji Husam. "Mun ji iƙamarka ta ƙare. Alhaji yana da mutane, abin wata biyar zai iya zama na kwana biyar."

"Allah ya saka masa. Zan jira layina."

Husam ya yi murmushi, ya dubi gwangwanayen fentin da ke jere, ya dube ni, ya ce, "Wata biyar da nisa, ya Usta. Abubuwa da yawa suna faruwa da mutum a wata biyar." Ya tafi ya bar ƙamshinsa.

Hamad ya ci gaba da rubutun da yake yi, amma na ga layin ya karkace, abin da ban taɓa gani a hannunsa ba. Fatuma da ta ji labari ta ce ya rufe wurin aikin ya zauna a gida har a gama zaɓe. Ya zauna kwana biyu, a rana ta uku ya ce zaman ya fi fitar tsoro, ya koma.

Ranar Lahadi, wadda ita ce farkon mako a makarantun nan, aka wayi gari an watsa wa gicciyen baƙin fenti. Ayar ba a taɓa ta ba, jinjirin watan ma gefensa kawai ya samu. Har yau ba a san wanda ya yi ba. Mutanen jirgi suka ce mutanen agogo ne suka yi don su nuna bangon fitina ne, mutanen agogo suka ce aikin 'yan jirgi ne. Amma kafin azahar wata magana ta uku ta fi su gudu: wa ke da fenti, wa ya san bangon, wa aka gani yana shiga da tsani? Ɗan Sudan ɗin nan.

Shahd ta dawo gida tun kafin a tashi, ba jaka, tana kuka, ta ce 'yan ajinsu sun kewaye ta suna cewa babanta ne. Tana cikin faɗa wa uwarta aka aiko cewa mutum biyu sun zo sun tafi da Hamad ofishin 'yan sanda, ko murfin fenti ba a bar shi ya rufe ba.

Fatuma ta kira ni ina bakin wata ma'aikata a Wustul Balad ina jiran maigidana. "Abu Shahd, sun tafi da Abu Shahd," abin da take ta maimaitawa ke nan, wato baban Shahd, yadda take kiran mijinta. Na san abin da ake yi da baƙon da takardarsa ta ƙare in ya shiga irin wannan magana, ba a tsayawa dogon bincike, mota ce zuwa iyaka. Na kuma san in sunana ya shiga takardar 'yan sanda a rikicin zaɓe, aikina ya ƙare. Na zauna riƙe da sitiyari. Da maigidan ya fito na ce masa ɗan'uwana ba shi da lafiya. Ya dube ni ta madubi, don ya san ba ni da ɗan'uwa a Masar, ya ce in sauke shi in tafi.

A barandar ofishin na tarar da Fatuma tsaye da Shahd a jikinta. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba ina hango Hamad a kan benci, an cire masa rawani an ajiye a gefe. Jami'in da ke tambayarsa bai daka masa tsawa ba, tambaya ɗaya yake ta juyawa: ina yake jiya, wa ya ba shi izinin zanen tun farko, me ya haɗa shi da Husam, me ya sa ya rubuta wa 'yan takara biyu. 'Yar takardar nan tana kan tebur, an zare ta daga ledarta. Awa uku muna tsaye. Na shiga na ce ni Kirista ne, na san mutumin nan shekara biyu, a gidana yake cin tuwo. Jami'in ya karɓi katina ya rubuta sunana, ya ce in koma waje.

La'asar ta wuce sai ga Mis Damyana ta shigo da sauri, gajeriyar mace mai tabarau, alli bai gama fita daga hannunta ba. Ba ta nemi izini ba ta tura ƙofar. Ta buɗe jakarta ta fito da takardar da ta zana masa gicciyen bara, ta shimfiɗa a teburin, ta ja hannun rigarta ta nuna ƙaramin gicciyen da ke tsage a wuyan hannunta.

Ta ce, "Ya basha, wannan mutumin sau uku yana goge reshe ɗaya yana sakewa don na ce bai yi daidai ba. Ranar da ya gama har cewa ya yi in duba ko akwai abin da zai ɓata wa mutanenmu rai. Ni ce mai gicciyen, kuma ni na ce ba shi ba ne. In kuna neman wanda za ku rufe don unguwa ta yi shiru, ku nemi wani."

Jami'in ya mayar mata da takardarta. Daga baya ya ce Hamad ya tafi gida, amma ya buɗe aljihun tebur ya jefa 'yar takardar a ciki. Ya ce za ta zauna a wurinsa har maganar bangon ta mutu.

Kwana biyu bayan haka umarni ya zo wa Abla Amani daga ofishin ilimi cewa a shafe bangon gaba ɗaya da fari kafin ranar zaɓe, don a makarantar za a jefa ƙuri'a. Mai fenti na farko da ta kira ya ce ba zai taɓa aya ba. Na biyu ya karɓa, aka bi shi gida aka yi masa magana, ya kashe wayarsa. Sai ta zo da kanta ƙarƙashin matakalar, ni ma ina nan.

Ta ce, "Amm Hamad, na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. In ba ka yi ba, mai gadi zan sa ya kwaɓa farar ƙasa a bokiti ya shafe da tsintsiya. Ba ni da wata hanya."

Hamad ya ce, "Da tsintsiya?"

"Ita muke da ita."

Ya ce ta ba shi zuwa gobe. Fatuma ta ce in ya hau tsanin nan mutanen Alhaji za su kashe shi, in bai hau ba takardarsa ta tafi, ita dai ba ta san ƙasar da za su sake gudu ba. Da yamma muka je wurin Zainulabideen, wani ɗalibin shari'a ɗan Zariya da ke cin abinci a wurin Godiya. Ya yi dogon bayani da Larabci mai nauyi, ya kawo maganganun malamai, ƙarshenta dai ya ce gusar da rubutu don kare shi daga wulaƙanci ya halatta, har ma ya fi a bar shi a inda ake rikici a kansa. Hamad ya yi godiya. A hanya ya ce mini shi ba halaccin ne ya dame shi ba. Ya ce mahaifinsa ko allo zai wanke, a ƙwarya mai tsabta yake tara ruwan, bai taɓa barin ɗigo ya taɓa inda ake takawa ba. Shi ba zai binne aya a ƙarƙashin fenti ba, kuma ba zai bar ta ta zuba a filin da yara ke guje-guje ba. Kankare ta zai yi, baƙi bayan baƙi, ya tara.

"Zai ɗauki yini guda," na ce. "Kuma a gaban titi."

"Na sani, ya zol. Tsani nake so a riƙe mini. In ba za ka iya ba, wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ban ba shi amsa ba sai da na gaya wa Godiya. Ta ce in sa tsohuwar riga.

Asabar da ƙarfe bakwai na safe muka shiga. Abla Amani ta sa mai gadi ya kulle ƙofar ƙarfen da sarƙa, ita da Mis Damyana suka ɗauko kujeru suka zauna a ciki. Hamad ya yi alwala a famfon yara. Ya shimfiɗa sabon farin ƙyalle a gindin bangon, ya ɗaura wani a wuyansa ya riƙe bakinsa da hannun hagu kamar buhu, ya hau da 'yar wuƙar kankare fenti. Ya fara daga ƙarshen ayar yana komawa farko. Koren fentin yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa yana faɗawa cikin ƙyallen.

Awa ɗaya babu kowa sai masu wucewa. Wajen tara wani mai tuktuk, keken nan mai ƙafa uku, ya tsaya ya ɗaga waya. Kafin goma titin ya cika. Ina riƙe da tsani na ba ƙofar baya, amma ina jin yadda muryoyin ke ƙaruwa, har na ji ta Husam a sama da ta kowa.

"Ku gani da idonku! Ga wanda suka saya! Ya ci abincin ƙasarmu, yau yana goge maganar Allah!"

Aka fara girgiza ƙofar, sarƙar tana ƙara. Wani ya ce a haura. Na ce masa a hankali ya sauko mu shiga aji har su watse. Bai ko dube ni ba, ya ce, "Riƙe da kyau, Habila. Saura kalma uku."

Sai ga mota ta tsaya, Dakta Munzir ya fito da mutanensa huɗu, wai ya zo ya ga an bi umarni. Wuri ya ƙara rikicewa, aka koma zagin juna, har aka fara cakumar riga. Shi Daktan ya kutsa ya iso jikin ƙarfen ya ɗaga murya.

"Ya Usta! Me kake yi haka? Ka shafa fari ka sauka, minti goma ne! Kana jawo wa kanka da mu bala'i!"

A nan ne kawai Hamad ya juyo. Ya ce, "Ya dakta, kai ka ce a cire, an ce in cire, ina cirewa. Yadda zan cire kuma nawa ne."

Bai rufe baki ba dutse ya zo. Guntun bulo ne, ya same shi a saman gira. Tsanin ya karkata, na sa kafaɗa na tare. Jini ya sauko masa ta gefen ido har gemu, abin da ya fara yi shi ne ya kautar da kansa gefe don kada ya ɗiga cikin ƙyallen. Abla Amani ta tashi ta tafi jikin ƙofar tana kiran mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, don rabinsu ta koyar da su ko 'ya'yansu. Mis Damyana ta tsaya kusa da ita. Ƙofar ba ta daina motsi ba.

A cikin taron akwai wani tsoho mai jan salla a ƙaramin masallacin kasuwa, ban san sunansa ba, kowa Shehi yake ce masa. Ya matso ya ce a buɗe masa shi kaɗai. Abla Amani ta sa aka sassauta sarƙar ya shigo ta gefe. Ya tako har gindin tsanin yana dogara sanda, fuskarsa a murtuke. Ya dubi bangon, ya dubi ƙyallen da ke ƙasa, ya ce Hamad ya nuna masa na wuyansa. Hamad ya sunkuyo ya buɗe. Tsohon ya daɗe yana kallon ɓawon fentin.

"Ina za ka kai shi?"

"Kogi, ya Shehi. Inda ruwa ke gudu."

Tsohon ya cire hularsa ya miƙa mini sandarsa, ya durƙusa da ƙyar ya tsince wasu 'yan ɓarɓashi da iska ta kai bayan ƙyallen, ya zuba a ciki. Sannan ya koma ƙofar. Ban ji duk abin da ya faɗa ba, na dai ji ya ce mutumin nan ya fi ku sanin girman abin da kuke ihu a kansa, kuma wanda ya yi jifan ya je ya nemi gafara. Ba kowa ya watse ba. Husam ya ci gaba da magana, wasu suka tsaya da wayoyinsu har ƙarshe. Amma an saki ƙofar.

Mis Damyana ta ɗaure masa goshi da ɗankwalin da ta ciro daga jaka, ya koma ya ƙarasa ayar. Ya naɗe ƙyallen ya ajiye a kan kujera. Na ɗauka ya gama, sai ya ɗauko wani sabon ƙyalle ya matsar da tsanin hagu. Baƙin fentin da aka watsa ya riga ya kama, sai da ya haɗa da shi ya kankare gicciyen da watan. Wannan ƙullin Mis Damyana ya miƙa wa, ta karɓa da hannu biyu, ta ce za ta kai wa limamin cocinsu. Sunansa na kusurwa shi ya kankare a ƙarshe, wannan kam ƙasa ya bar shi ya zube. Sai da la'asar muka shafa farin, mu biyu, bai ɗauke mu rabin awa ba.

Washegari na kai shi da ƙullin ayar bakin Nilu ta wajen Ma'adi, ya ba wani mai kwalekwale haƙuri ya shiga da shi tsakiya. Ni na tsaya a gaɓa. Ɗinki huɗu aka yi masa a girar.

A zaɓen Dakta Munzir ya zo na huɗu. Alhaji Abdulbasit ya kai zagaye na biyu ya faɗi, wani tsohon ma'aikacin hukumar ruwa ne ya ci. Bayan mako guda aka kira Hamad aka mayar masa da takardarsa, ba a ce masa komai ba. Ni kuma hotona riƙe da tsani ya kai ofis, na amsa tambayoyi a rubuce, aka ba ni gargaɗi na ƙarshe, aka hana ni tuƙa manyan baƙi wata shida.

Hamad bai ƙara samun aikin ƙyalle a Hayyin Ashir ba. Wasu na ganinsa wanda ya goge aya, wasu na ganinsa wanda ya jawo fitina, Shahd kuma ta ƙi komawa makarantar ko da Abla Amani ta zo har gida. Da sanyi ya shigo suka koma Faisal, can hayin kogi, inda 'yan Sudan suka fi yawa.

Mun sha yin gardama da shi a kan maganar Daktan. Ni na yi firamare a inda addu'ar safe ta wani ɓangare ce kawai, na san yadda yaro ke ji in ya tsaya a layi bakinsa a rufe, don haka na ce masa mutumin yana da gaskiyarsa. Hamad ya ce shi bai yarda ba, yaro ya tashi yana ganin ayar da gicciyen a bango ɗaya ya fi ya tashi bai ga ko ɗaya ba. Na ce to ai ga inda bangon ya kai mu. Ya ce ba bangon ba ne, zaɓe ne. Har yau ba wanda ya ja wani.

Iƙamarsa ta fito a watan da aka ce. Yanzu yana aiki a wani shagon buga alluna, shi ke zana baƙaƙen a takarda, wata yarinya ta shigar a kwamfuta. Ranar Juma'a bayan salla yana koya wa manya shida rubutun hannu a falonsa, har da wani Bakibɗe mai sassaƙa duwatsun kabari. Watan jiya na kai musu kuka da daddawa daga Godiya, na tarar Fatuma tana faɗa wai tawada ta ɓata mata labule, Shahd kuma tana kwance a ƙasa tana haddar jadawalin lissafi na sau tara da ƙarfi. Hamad ya ce in zauna in ci abinci, na ce maigidana yana da jirgin ƙarfe biyar. Ya rako ni har bakin titi, ya tsayar mini da mota.